Darasi na Goma Sha Ɗaya: Markaɗaɗɗun 'Ya'yan Itace da Sukarin da Ke Cikinsu

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa maƙura a ƙasar Kebbe da Tambuwal har ma'auni ya haura digiri 40, a lokacin ne kuma mangwaro ke cika kasuwa. Za ka gan shi kashi-kashi a bakin titi, a kwando, a baro, wani ya nuna har ya fashe saboda rashin mai saye. Ga kankana daga fadamu, ga lemo da ayaba da abarba waɗanda motoci ke haurowa da su daga kudu ta Yawuri da Jega. Azumin 2022 da na 2023 da na 2024 duk a cikin wannan zafi suka faɗo, kuma duk wanda ya kai azumi a irin wannan yanayi ya san yadda maƙogwaro ke neman abu mai sanyi da zaƙi da zarar an kira magariba.

A da, wanda ya samu mangwaro wanke shi yake yi, ya zauna ya sha, ya tsotse ƙwallon ya jefar. Yanzu bilenda ta shiga cikin kayan ɗakin amare, mata suna koyon haɗe-haɗe a waya, inda babu wutar lantarki kuma ana jona ta da janareta ko sola. Ana yanka 'ya'yan itace iri biyu ko uku, a markaɗe su tare, a sa ƙanƙara, a zuba a kofi. Masu sha suna cewa ai wannan lafiya ce tsantsa, tunda ba lemon kwalba ba ne. Wasu kuma, musamman waɗanda ke da mai ciwon suga a gida, sun tsorata har sun hana iyalinsu mangwaro gaba ɗaya. Kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, kuma kowanne ya wuce gona da iri. Don mu gane inda gaskiyar take, sai mun leƙa cikin jug ɗin kansa.

Mu ƙirga abin da ke cikin jug

Ga wata matar aure tana haɗa abin buɗa baki domin ita da maigidanta. Ta fere ƙananan mangwaro, naman da ta samu ya kai giram 200. Ta ɓare ayaba guda mai giram 100. Ta cire ƙwallon dabino huɗu ta jefa. Ta markaɗa, ta ɗanɗana, ta ji kamar bai kai ba, sai ta ƙara babban cokali biyu na sukari. Surukarta tana zaune a kan tabarma tana kallo.

"Mi kinka zuba ciki, 'yar nan?"

"Mangwaro na da ayaba, Inna, sai ɗan dabino."

"Wancan farin da na gani fa?"

"Ɗan kaɗan na, Inna, don shi yi daɗi."

To mu auna wannan "ɗan kaɗan". Ƙaramin cokalin shayi, idan an shafe bakinsa, yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari, babban cokali kuwa kimanin 12. A kowane giram 100 na naman mangwaro akwai sukari kimanin giram 14, saboda haka giram 200 ya ba mu 28. Ayabar ta ba mu 12. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, guda huɗu sun kai giram 20. Babban cokali biyu, 24. Ku haɗa a littafinku: 28 da 12 da 20 da 24 sun zama 84. Ku raba 84 gida 4, za ku samu ƙaramin cokali 21. Mutum biyu ne za su sha, kowa ya tashi da cokali goma da rabi a kofi guda.

Lemon kwalba mai zaƙi na santilita 35 yana ɗauke da kimanin cokali 9. Ashe kofin da aka haɗa a gida da kyakkyawar niyya ya fi kwalbar da ake gudu yawan sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da na zuma da na tataccen ruwan 'ya'yan itace, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babba, wannan ya kama kimanin giram 50, wato cokali 12. Ta ƙara da cewa idan an iya rage shi zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Ku tuna wannan lissafi na yini ne gaba ɗaya: shayin safe yana ciki, kunu yana ciki, fura da aka dama da sukari da rana tana ciki, zoɓo yana ciki. Zoɓo ma abin lura ne, domin shi kansa tsami ne da shi, duk zaƙin da ka ji a cikinsa hannu ne ya zuba.

Yanzu mu koma jug ɗin mu cire farin sukarin da dabinon. Saura giram 40, kowa cokali 5. Idan aka ƙara ruwa da nono aka raba wa mutum huɗu, kowa cokali biyu da rabi. Mangwaron bai canja ba, ayabar ba ta canja ba, amma abin da ya shiga jikin kowa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na farko.

Me ya raba tauna da kurɓa?

A cikin wannan shawara ta 2015, hukumar ba ta sa sukarin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum a lissafi ba. Hasali ma tana kira ga kowa ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a yini. Mai hankali zai tambaya: sukarin lemon da aka sha da ɓargonsa da na lemon da aka matse, ba ɗaya ba ne? Ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yadda yake isa jini.

A jikin kowane ɗan itace akwai harza, wato zare-zaren da ke maƙale maka a haƙori idan ka sha mangwaro, da farin ɓargon cikin lemo, da 'ya'yan gwaba. Hanji ba ya narkar da harza, amma tana riƙe sukarin ta yadda zai riƙa shiga jini sannu a hankali, tana cika ciki, tana kuma sauƙaƙa bayan gida. Duk manomi ya san bambancin ruwan sama da ya sauka a gonar da aka yi wa kunya da wanda ya sauka a fako: na farko ya tsaya ya ratsa ƙasa, na biyu ya kwarara gaba ɗaya ya yi zaizaya. Haka sukari yake yi a jiki, idan da harza da kuma idan babu. Jiki yana fitar da wani sinadari mai suna insulin wanda ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi. Idan sukarin ya zo da yawa a lokaci guda, sai jiki ya fitar da insulin mai yawa, abin da ba a ƙona da aiki ba kuma a adana shi ya zama kitse.

A 1977 wasu likitoci a birnin Biristol na Ingila suka gwada wannan da tuffa. Suka ba mutum goma tuffa iri uku, a ranaku dabam-dabam, sukarin duk daidai: wadda za a tauna, wadda aka markaɗa da harzarta, da tataccen ruwanta. Shan ruwan ya fi taunawa sauri har ninki goma sha ɗaya. Wadda aka tauna ta fi ƙosarwa, markaɗaɗɗiya ta zo tsakiya, tataccen ruwa ya zo ƙarshe, kuma shi ne ya fi tayar da insulin. A 2013 kuma masu bincike na Jami'ar Habad da ke Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum fiye da 187,000 na shekaru masu yawa. Waɗanda suka saba cin 'ya'yan itace ɗungurungum haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu, waɗanda suka saba shan tataccen ruwan kuwa haɗarinsu ya ɗan ƙaru.

To ina matsayin markaɗaɗɗe, wanda ba a tace ba? A nan masana ba su zama baki ɗaya ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna lissafa sukarinsa tare da na tataccen ruwa, suna cewa wuƙar bilenda ta riga ta fasa ɗan itacen ta saki sukarin, don haka kada a sha fiye da mililita 150 a yini. Amma a 2017 wani ɗan ƙaramin gwaji a Jami'ar Filimos, can Ingila, ya nuna markaɗaɗɗen mangwaro bai tayar da sukarin jini fiye da wanda aka tauna ba, haɗin da ke da ƙananan 'ya'ya a ciki ma ya tayar da shi ƙasa da haka. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, saboda haka ba za a gina hukunci a kansa shi kaɗai ba, amma ya isa ya nuna mana cewa bilenda ba ta hallaka harza, yayyanka ta kawai take yi.

A ganina, a gidajenmu rariya ta fi bilenda ɓarna. Mun saba da tace kunu da tace kunun aya, sai muka ɗauki wannan al'ada muka kai kan mangwaro da abarba. A markaɗa, a juye a rariya, a murza da bayan ludayi, ruwan ya sauka sumul, dusar da ta rage a sama kuma a kai wa awaki. Abin da aka kai wa awakin nan shi ne mai tsare jikin mai sha. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kuɗi aka sa aka saya, wahala aka sha aka haɗa, sannan aka zubar da rabin amfanin don kawai abin ya yi santsi a baki.

Sai kuma batun yawa. Da wuya ka ga wanda zai zauna ya sha lemo huɗu a jere, zai gaji da ɓarewa, cikinsa kuma zai cika. Amma ruwan lemo huɗu kofi ɗaya ne, ana shanye shi a tsaye, kuma bayan an shanye za a zauna a ci tuwo kamar ba a sha komai ba. Mililita 150 ɗin da aka ambata bai kai kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata ba. Kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara ne. Ku gwada shi da kofin silba da kuke sha da shi a gida, za ku ga tazarar.

Zuma, dabino da mazarƙwaila

Sau da yawa za ka ji an ce, "Ni na daina sukari, zuma nake sa wa." Zuma abu ne mai daraja a wurinmu, dabino kuma da shi muke buɗa baki bisa sunna, babu mai hana wannan. Amma a giram 100 na zuma, kimanin 82 sukari ne. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare, wato daga inda farin sukari ya fito ita ma ta fito. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi fiye da rabin nauyinta sukari ne, ta bambanta da madarar ruwa wadda ba a sa wa zaƙi ba. Dabino uku da aka tauna a buɗa baki dabam, dabino goma da aka narkar a jug a kan ayaba da mangwaro dabam. Jinin mai ciwon suga zai hau da kowannensu idan an yawaita.

Yara

A Jihar Sakkwato ɗaya daga cikin manyan matsalolin da ke addabar ƙananan yara ita ce tamowa da ƙarancin abinci mai gina jiki, saboda haka kada wani ya fita daga wannan aji ya je ya hana yaro mangwaro. Mangwaro da gwanda suna ba da bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki, lemo da gwaba da garin 'ya'yan kuka suna ba da bitamin C. Maganar da ake yi cewa mangwaro yana kawo zazzaɓi ma ba haka take ba: zazzaɓin cizon sauro sauro ne ke kawo shi, gudawar da ke biyo bayan shan mangwaro kuma yawanci daga ƙuda ne da rashin wankewa.

Abin kiyayewa shi ne, jariri har ya cika wata shida nonon uwa kaɗai yake buƙata. Daga nan a iya murje masa nunanniyar gwanda ko ayaba ko mangwaro a ba shi da cokali, ba sukari. Kafin ya cika shekara kada a ba shi tataccen ruwan 'ya'yan itace, kada kuma a ba shi zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Yaron da aka cika wa ciki da ruwan zaƙi zai ture kunun gyaɗa da wake da ƙwai, waɗanda su ne ke gina shi. Wanda kuma ke yawo da gorar zaƙi yana kurɓa tun safe har yamma, haƙoransa ne ke jiƙe da sukari yini guda, daga nan sai tsutsar haƙori. Gara ya sha lokaci ɗaya tare da abinci, ya kuskure baki da ruwa.

Yadda za a haɗa

Wanda haƙoransa ke da ƙarfi, tauna ta fi masa. Amma akwai tsoho marar haƙori, akwai mai jinya da ba ya iya cin abinci, akwai ranar da mangwaro ya yi yawa zai lalace, akwai kuma sha'awa, wadda ba laifi ba ce. Idan za a markaɗa, a zaɓi nunanne sosai don kada a nemi ƙarin zaƙi. A rage masu zaƙi da yawa, a yawaita masu ruwa: kankana giram 6 kawai take da shi a cikin 100, gwanda kimanin 8. A sa nono ko kindirmo wanda ba a sa wa sukari ba, a jefa ɗan soyayyar gyaɗa, domin mai da abin gina jiki suna rage saurin da ciki ke sakin abinci. Mai son ɗan tsami ya barbaɗa garin 'ya'yan kuka, mai son ƙamshi ya sa citta. Kada a tace. A zuba a ƙaramin kofi, a sha da abinci. A lokacin azumi a fara kashe ƙishirwa da ruwa tukuna, domin mai ƙishirwa ba ya ƙirga kofi.

Kada kuma lissafin sukari ya mantar da mu abin da ke kisa cikin kwana ɗaya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya shafa. Abin da aka markaɗa ba a dafa shi, don haka duk ƙazantar da ke cikin ruwa, ko ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ko ƙarƙashin wuƙar bilenda da ba a kwance an wanke ba, kai tsaye za ta wuce ciki. A wanke 'ya'yan itace kafin a fere, a yi amfani da ruwan da aka tafasa ko aka tabbatar da tsabtarsa, a shanye nan take, domin a zafin Afrilu ba ya jimawa yake tsami.

Mai ciwon suga da wanda bai san yana da shi ba

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Ba sukari kaɗai ke kawo shi ba. Gado yana ciki, ƙiba tana ciki, musamman teɓa, shekaru suna ciki, zama wuri ɗaya yana ciki. Manomin da ya yini yana huɗa a fadamar Kuchi da ɗan kasuwar da ya yini zaune a shago a Tambuwal, kofi ɗaya ba aiki ɗaya zai yi a jikinsu ba. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma wannan ya tsaya ne a kan kamfanoni. Abin da ake haɗawa a madafa, mutanen gida ne kaɗai za su iya tsare shi.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon zai iya cin ɗan itace, kaɗan-kaɗan, a tauna, a rarraba cikin yini. Tataccen ruwa da babban kofin haɗi ya bar su. Akwai wuri ɗaya da suke yi masa rana: idan yana shan magani ko yana allurar insulin, sai ya ji karkarwa da gumi da jiri, alamar sukarinsa ya faɗi ne, a nan rabin kofi na abu mai zaƙi taimakon gaggawa ne, ko da azumi yake yi. Shi ya sa ya kamata ya ga ma'aikacin lafiya tun kafin watan azumi ya kama, a tsara masa magani.

Alamomin da za su sa mutum ya nemi gwaji su ne ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da miki da ya ƙi warkewa. Gwajin ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, da safe kafin a ci komai. Idan ya nuna 126 ko sama da haka, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, za a sake shi wata rana don a tabbatar. Ana yin sa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, wanda nasa ya yi tsanani kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mahaifi ko mahaifiya mai ciwon, kada ya jira alama.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya zaɓi yini ɗaya ya rubuta duk cokalin sukari da ya shiga bakinsa, daga shayin safe har abin shan dare, ƙwayar sukari guda a ɗauke ta cokali ɗaya da ɗan ɗoriya. Maza ku tambayi iyalinku abin da aka zuba, cikin lalama, ba da faɗa ba. Ku haɗa jimillar, ku gwada ta da 12. Sannan ku zo da kofin da kuka saba sha da shi, za mu auna shi a aji da gwangwanin madara mu ga mililita nawa yake ci.